Ɗinkin Tsagewar Leɓe da Ganɗa: Shin Za a Iya Yi wa Jariri Aiki Ba Tare da Dangin Mofin Ba?

A yawancin ayyukan tiyata, likitan fiɗa da likitan sa barci kowa da ɓangarensa. Mai wuƙa yana can wajen ciki ko ƙafa, mai sa barci yana zaune ta wajen kai yana tsaron numfashi. A aikin ɗinke tsagewar leɓe da ganɗa kuwa, baki ɗaya su biyun suke rabawa, bakin jariri wanda yatsu biyu na babban mutum sun cika shi. Ta nan bututun numfashi zai bi, a nan za a yanka a ɗinke, kuma idan an gama an zare bututun, ta kan wannan sabon ɗinki mai kumburi yaron zai riƙa jan iska. Duk muhawarar da likitoci ke yi a yau, ta a yi wannan aiki da magungunan kashe zafi masu ƙarfi dangin mofin ko a yi shi ba su, daga ƙuncin wannan wuri ta samo asali.

Ana kiyasin cewa a duniya, kusan ɗaya cikin jarirai 700 ake haifa da tsagewar leɓe, ko ta ganɗa, ko duka biyun. Leɓen sama yana haɗewa ne tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki, ganɗa kuma tsakanin mako na 6 da na 9, wato sau da yawa tun mace ba ta tabbatar tana da juna biyu ba. Masu ɗora wa uwa laifi, ko masu cewa aikin iskoki ne, ya kamata su ji wannan. Leɓe akan ɗinke shi yaro yana ɗan wata 3 zuwa 6. Tsofaffin likitoci suna da ƙa'idar da suke kira ta goma-goma: yaro ya kai mako 10, nauyinsa ya kai fam 10, wato kusan kilo huɗu da rabi, ma'aunin yawan jininsa ya kai 10. Ganɗa kuwa akan jira har wata 9 zuwa 18, amma a rufe ta kafin magana ta zauna a bakin yaro, don kada ya tashi yana magana ta hanci. Akwai kuma wani abu da mai sa barci ba ya mantawa da shi. Jaririn da ganɗarsa ke a buɗe ba ya iya zuƙar nono sosai, abin da ya zuƙa ma wani yana fitowa ta hanci, saboda haka da yawansu suna isa asibiti a rame, jininsu ya yi ƙasa, ga mura da ciwon kunne da ba sa rabuwa da su.

Abin da muke kira allurar barci a dunƙule, aiki uku ne a haɗe: a gusar da hankali, a kashe zafi, a hana jiki motsi. Iskar da ake shaƙa wa yaro, irin su sebofuloren ko halotan, tana gusar da hankali, amma jiki bai daina jin yanka ba. Wuƙa na taɓa fata sai bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, jiki ya zubo sinadaran firgici, alhali yaron yana barci. Wannan gurbi na kashe zafi, shekara da shekaru dangin mofin ne suka riƙe shi. Shi mofin daga ƙaron furen da ake yin ofiyom ake samunsa, kuma wani mai haɗa magani Bajamushe, Friedrich Sertürner, ne ya fara tace shi a farkon ƙarni na 19. Fentanil kuwa Paul Janssen ne ya haɗa shi a Beljiyam wajen 1960, kuma ya ninka mofin ƙarfi kusan sau 100. Daga baya aka samu remifentanil, wanda jiki ke narkar da shi cikin mintoci kaɗan da zarar an tsayar da shi.

Kafin a soki waɗannan magunguna, ya dace a tuna yadda aka yi suka shigo tiyatar jarirai. Har cikin shekarun 1980, likitoci da dama a Turai da Amurka suna ganin jariri sabon haihuwa ba ya jin zafi kamar babba, kuma ko ya ji ba zai tuna ba. Akan ba shi maganin sandarar da jiki da ɗan abin gusar da hankali, a yi masa babban aiki a haka. A 1987 ne likita Kanwaljeet Anand da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Oxford kan bakwainin jarirai da aka yi wa aiki a ƙirji. Waɗanda aka ƙara wa fentanil, jikinsu bai firgita kamar na sauran ba, kuma matsalolin bayan tiyata sun yi ƙasa a cikinsu. Daga nan tunani ya juya. Shigar mofin ɗakin tiyatar yara nasara ce ta tausayi, kuma duk mai cewa a fitar da shi, wajibi ne ya nuna abin da zai ajiye a gurbinsa.

To me ya sa ake son a fitar da shi? Saboda inda yake kashe zafi a ƙwaƙwalwa, a nan kusa yake rage numfashi. A gindin ƙwaƙwalwa akwai cibiyar da ke lura da yawan gurɓatacciyar iska a jini. Idan ta taru sai ta umarci ƙirji ya ƙara ja. Mofin yana dakusar da wannan cibiya, yana kuma sassauta naman maƙogwaro da na harshe, har su zube su tare hanya. Babban mutum yakan jure. Jariri ɗan wata uku kuwa hantarsa ba ta gama ƙwarewa wajen narkar da maganin ba, ƙodarsa ma haka, sai ya daɗe a jikinsa fiye da yadda aka zata. Ga amai, ga ƙaiƙayi, ga magagin da ke hana shi kama nono a lokacin da aka fi bukatar ya sha.

A aikin ganɗa abin ya fi tsanani. Tun da aka haifi yaron, bakinsa da hancinsa a haɗe suke ta wata faffaɗar kafa, iska na wucewa yadda ta ga dama. Cikin awa biyu sai a rufe wannan kafa. Yanzu dole ya koyi numfashi ta ƙuntatacciyar hanya, ga kumburin ɗinki, ga gudajin jini a hanci, ga harshen da ƙarfen buɗe baki ya danne tsawon aikin, wanda shi ma yana iya kumbura. Wasu yaran kuma dama an haife su da ƙaramin muƙamuƙi, harshensu ya koma baya, yanayin da ake kira da sunan likitan Faransa Pierre Robin, wanda ya yi bayaninsa a 1923. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2002 ya bi aikin ganɗa 247 a jere, ya tarar yara 14 sun samu toshewar numfashi, kuma 13 daga cikinsu suna da wata tawayar halitta bayan tsagewar. Adadin ba shi da yawa, amma ya nuna inda haɗarin ya taru.

Mai sa barci a nan gaba kura ne baya sayaki. Idan ya rage maganin zafi, yaro zai farka yana tsala ihu, jini ya hau, ɗinki ya fara tsattsafa, naman da aka haɗa ya yi ta janyewa, ya ƙi nono. Idan ya cika shi, yaro zai kwanta lamo, numfashi ya yi ta raguwa. Na biyun ya fi ba ni tsoro, domin yaro mai kuka kowa a ɗakin jinya yana jin sa, uwa ta tashi, nas ta zo. Wanda ya yi shiru kuwa sai a ce Alhamdu lillahi ya samu barci, uwar da ta kwana biyu ba ta runtsa ba ita ma ta ɗan kishingiɗa.

Hanyar da ake kira marar dangin mofin ƙoƙari ne na kuɓuta daga wannan tsaka mai wuya. Ana haɗa magunguna da dama ne, kowanne ya tare zafi ta kusurwarsa, kuma ginshiƙinsu shi ne allurar kashe jijiya. Mofin yakan bar saƙon zafi ya taso daga rauni har ya isa ƙwaƙwalwa, sannan ya dusashe shi a can. Allurar kashe jijiya kuwa tana yin abin da mai lambu ke yi idan ya toshe ruwa tun daga bakin babbar kwata, bai tsaya bin fangali ɗaya-ɗaya ba. Saƙon ba ya ma tasowa, ita kuma cibiyar numfashi ba a taɓa ta ba.

A leɓe abin yana da sauƙi. Jijiyar da ke ɗauko ji daga leɓen sama tana fitowa ta wani ɗan rami a ƙashin fuska, ƙasa da ido kaɗan. A zuba ɗan maganin kashe wuri, irin su bufibaken, a bakin ramin hagu da na dama, leɓe ya mutu na tsawon awoyi. Ɗaya daga cikin rubuce-rubucen da suka kafa wannan dabara a jarirai daga Afirka ya fito: Adrian Bösenberg da abokin aikinsa Kimble, a Afirka ta Kudu, sun auna inda ramin yake a fuskar sabbin haihuwa, suka buga bayanin a 1995. A 2016 cibiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 8 da suka ƙunshi yara 353, ta ce alamu sun nuna allurar tana rage zafi, sai dai hujjar ba ta yi ƙwari ba saboda gwaje-gwajen ƙanana ne kuma kowanne da irin ma'auninsa. Duk da haka, a aikace likitoci da yawa suna ɗinke leɓe da iskar barci da wannan allura da farasitamol kawai, yaro ya farka ya kama nono ba da daɗewa ba. Manyan da suka girma da tsagewar leɓe ma akan ɗinke musu idonsu biyu, da allurar kashe wuri kaɗai. Abin lura shi ne, idan aikin ya haɗa da gyaran hanci, wannan jijiya ba ta rufe ko'ina, sai an ƙara wata allurar.

Ganɗa ita ce mai wuyar. Raunin ya fi girma, ya fi zafi, kuma jijiyoyinsa sun fito ne daga wata babbar jijiya da ke can cikin wani lungu a bayan ƙashin muƙamuƙin sama. Wata tawagar likitoci a birnin Montpellier na Faransa ta daidaita hanyar isa gare ta a ƙananan yara: a soka allura ta saman ƙashin kunci, a gefen ido, a karkata ta zuwa lungun, ta haka a kauce wa ido da manyan hanyoyin jini. A 2014 suka buga gwajin da suka yi kan yara kusan 60, rabi aka zuba musu maganin gaske, rabi ruwan gishiri, ba tare da masu jinya sun san wane ne wane ba. Cikin awa 48 bayan aiki, mofin da rukunin farko ya bukata kusan rabin na ɗaya rukunin ne. Wannan babban ci gaba ne. Amma mai karatu ya lura da abin da aka samu: rabi aka rage, ba a kai ga babu ba.

Sauran magungunan da ake jerawa a gefen allurar sanannu ne. Farasitamol, wanda muke rainawa don ana sayar da shi a kowane kemis, ya nuna ƙarfinsa a wani gwaji da aka yi a Rotterdam ta ƙasar Holan, aka buga a 2013: jarirai 71 da aka yi wa manyan ayyuka, waɗanda aka riƙa ba farasitamol ta jijiyar jini sun bukaci mofin da ya gaza na sauran da kusan kashi biyu cikin uku, ba tare da zafinsu ya ƙaru ba. Sirrin shi ne a ba da shi bisa agogo, kada a jira sai yaro ya fara kuka. Ibuprofen ma yana taimakawa. An daɗe ana tsoron zai jawo zubar jini a ɗinkin ganɗa, amma asibitoci da yawa yanzu suna ba da shi ga yaran da suka wuce watannin farko, muddin ƙodarsu lafiya kuma ba su bushe ba. Akwai kuma desametason, mai rage kumburi da amai.

Sai magunguna biyu da ake sawa su maye gurbin fentanil a lokacin aikin kansa. Ketamin tsohon abokin asibitocin Afirka ne, ba ya danne numfashi kamar mofin, yana da araha, sai dai yana tsinkar da yawu, abin da ba a so a bakin da aka yi wa sabon ɗinki. Na biyun, desmedetomidin, wanda aka fara amincewa da shi a Amurka a 1999, shi ne masu wannan ra'ayi suka fi ji da shi. Yana kwantar da yaro, yana rage zafi, yana kuma hana fizge-fizgen da yara kan yi idan suna farkawa daga sebofuloren, duk ba tare da ya taɓa numfashi sosai ba. Aibinsa a zuciya yake: yana rage bugunta, yana saukar da jini. A 2021 aka buga wani gwaji da aka yi a asibitocin Faransa kan manya, inda aka gwada shi da remifentanil a manyan ayyuka. An shirya ɗaukar mutum 400, amma aka tsayar da gwajin bayan an wuce 300 da kaɗan, saboda mutum biyar a rukunin da ba a ba dangin mofin ba bugun zuciyarsu ya faɗi ƙasa ƙwarai. Abin mamaki, ƙarancin iskar oksijin bayan aiki ma ya fi yawa a wannan rukuni. Gwajin na manya ne, kuma an soki yawan maganin da aka ba su, amma ai jariri ya fi babba dogara da saurin bugun zuciya wajen tura jini. Ita ma allurar kashe jijiya tana da nata haɗarin. Idan maganin ya shiga hanyar jini, ko aka haɗa abin da mai sa barci ya zuba da wanda likitan fiɗa ya tsira a bakin rauni jimillar ta wuce abin da ɗan kilo biyar zai ɗauka, yaro na iya jijjiga, zuciya ma ta tsaya. Inda har yanzu ake amfani da halotan kuma, haɗuwarsa da adirenalin ɗin da ake cakuɗawa don rage zubar jini na iya rikita bugun zuciya.

Akwai ruɗani a cikin sunan ma kansa. Yawancin rahotannin da ke cewa an yi aiki babu dangin mofin, nufinsu a cikin ɗakin tiyata. Idan yaro ya farka yana kuka a ɗakin farfaɗowa, suna ba shi, kuma daidai suka yi. Da yawa daga binciken da aka yi kan tsagewar leɓe da ganɗa na asibiti ɗaya ne, da yara 'yan goma-goma, wasu ma waiwaye ne cikin tsofaffin fayil, inda mai yiwuwa yaran da aka ga sun fi lafiya su aka zaɓa wa sabuwar hanya. Ga kuma wuyar auna zafi a jikin wanda ba ya magana. Ma'aunin da aka fi amfani da shi yana duba fuska, ƙafafu, motsin jiki, kuka, da ko yaro yana rarrasuwa, a ba da maki daga 0 zuwa 10. To yaron da ya yi awa shida bai sha nono ba, an ɗaure masa hannuwa don kada ya taɓa ɗinki, ya farka a hannun baƙuwar fuska, zai cika makin nan ko da bakinsa a mace yake. Nas mai gogewa takan fara miƙa shi ga uwarsa ta gani kafin ta ɗauko allura.

Shi ya sa shawarar da ƙungiyar ƙwararru ta PROSPECT ta fitar a 2024 kan aikin ganɗa ta kwanta mini. Sun ce a yi allurar kashe babbar jijiyar ta saman ƙashin kunci, idan ba ta samu ba a kashe ƙananan jijiyoyin ganɗa ta cikin baki, a haɗa da desmedetomidin, a ba da farasitamol da dangin ibuprofen bisa agogo, a ajiye dangin mofin don ceto idan waɗannan sun gaza. Ba su ce a kore shi daga ɗakin ba. Sun sauke shi ne daga sahun gaba zuwa na baya.

Ya kamata kuma a san inda guguwar ta taso. A Amurka, tun bayan fitowar OxyContin, wata ƙwayar kashe zafi dangin mofin, a 1996, likitoci suka yi ta rubuta waɗannan magunguna ba ƙaƙƙautawa, jaraba ta bazu, har a 2021 mutanen da dangin mofin suka kashe a ƙasar suka haura 80,000. Asibitoci suka shiga neman hanyar rage su ko ta halin ƙaƙa. Wata cibiyar tiyatar yara ta asibitin Seattle ta ba da rahoton cewa, a ayyuka sama da 10,000 na waɗanda ake sallamar yaro a ranar, ta sauke amfani da su a lokacin aiki daga kashi 84 cikin ɗari zuwa kashi 8. Sai dai jaririn wata huɗu ba zai zama ɗan ƙwaya don an ba shi mofin na kwana ɗaya ba. Damuwarsu ta can ta fi karkata ga ragowar kwalaben da ake komawa da su gida, inda wani matashi zai tsinta.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mu a nan matsalarmu ta juye ne. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet kan rage raɗaɗi ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da ake rarrabawa don jinya, kuma Nijeriya tana can ƙasan jerin. A titi kuwa tiramol da kodin sun yi yawa, har a watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a wannan shekarar ya kiyasta 'yan Nijeriya miliyan 4.6 ne ke shan dangin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba. Sakamakon haka, ƙwaya tana hannun matasa a bakin kasuwa, amma mofin na gaskiya yana wuyar samu a ɗakin jinya, sai fentazosin, allurar kashe zafin da aka saba da ita, ma'aikata kuma suna ɗari-ɗari da duk abin da ke cikin akwatin da ake kullewa. Jarirai da yawa a yankinmu an riga an yi musu aiki babu dangin mofin, amma don babu ne, ba don an shirya musu wani abu a madadinsa ba. Tsorona shi ne wannan sabon suna mai farin jini ya zama mayafin da za a lulluɓe rashi da shi, a bar yaro da farasitamol na ruwa cokali ɗaya bayan an ɗinke masa ganɗa, a ce ai zamani ne ya zo da haka.

Duk da wannan tsoro, hujjar rage dangin mofin ta fi ƙarfi a Sakkwato ko Damagaram fiye da Seattle, kuma dalilin shi ne daren farko. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000. Ƙidayar da ta buga a 2017 ta nuna Nijeriya da Nijar ba su kai ko ɗaya ba. Nas-nas masu horon sa barci ne ke ɗauke da yawancin nauyin. Da dare nas ɗaya tana iya riƙe gadaje masu yawa, wuta ta ɗauke, tukunyar oksijin ta ƙare. Wani babban nazari da Lancet ta buga a 2024, kan yara 8,625 da aka yi wa tiyata iri-iri a ƙasashen Afirka 31, ya tarar kashi 2.3 cikin ɗari sun rasu a asibiti bayan aikin, adadin da ya ninka na ƙasashe masu arziki sau da yawa. A irin wannan ɗaki, yaron da jijiyarsa ke a mace amma idonsa biyu, yana shan nono, ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan wanda mofin ya kwantar. Bufibaken kuma ba shi da tsada. Abin da ake bukata horo ne, domin allurar ƙasan ido ana koyonta da wuri, ta saman ƙashin kunci ma an fara yin ta ne da alamomin ƙashi kafin a riƙa haɗawa da na'urar hoto.

Wuraren da za a koyar ɗin suna nan. Asibitin Yara na Noma (cutar da ke cin naman fuska) da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ya daɗe yana gyaran fuskokin yara. Asibitin CURE da ke Yamai yana ɗinke tsagewar leɓe tun bayan buɗe shi a 2010. Ƙungiyar Smile Train, da aka kafa a 1999, tana biyan kuɗin aikin a asibitocin da take ƙawance da su, ta kuma haɗa hannu da ƙungiyar Lifebox wajen samar da na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin, da wadda ke auna iskar da majiyyaci ke fitarwa. Da ni ake shawara, da na ce duk kuɗin da za a kashe wajen sayo desmedetomidin mai tsada, a fara kashe shi kan a ga kowane yaron da aka ɗinke wa ganɗa ya kwana da wannan na'ura a ɗan yatsan ƙafarsa, da wanda zai tashi idan ta yi ƙara.

Matsayina ke nan. A aikin leɓe na yaro mai lafiya, allurar kashe jijiya da farasitamol su zama su ne ƙa'ida, dangin mofin sai in ta kama. A aikin ganɗa, a kashe jijiya, a jera sauran magungunan bisa agogo, amma mofin ya kasance a kusa, a ba da shi kaɗan-kaɗan ta jijiyar jini ana kallon yaro, da maganin karya shi, nalokson, a ajiye a gefe. Yaro mai ƙaramin muƙamuƙi, ko mai ciwon zuciya, ko wanda dama yake minshari yana sarƙewa cikin barci, kada a yi masa aikin ganɗa a sansanin tiyata na kwana uku da za a naɗe a tafi. A tura shi inda akwai ɗakin kulawa ta musamman, ko da hakan zai jinkirta aikin.

Akwai ɓangaren da ke hannun iyaye, kuma mafi girmansa shi ne bayan an dawo gida. Kodin shi kansa ba ya kashe zafi sosai, sai hanta ta juya shi ya zama mofin, kuma saurin juyawar gado ne. Wasu hantarsu ba ta juya komai, wasu kuwa tana juyawa da gaggawa har cokali ɗaya ya zama guba. A Habasha an samu kusan kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka gwada suna cikin masu gaggawar, kuma ba a gane su da ido. Bayan mutuwar wasu yara da aka yi wa aikin maƙogwaro, hukumar magunguna ta Amurka ta yi kakkausan gargaɗi a 2013, sannan a 2017 ta hana ba duk yaron da bai kai shekara 12 ba kodin ko tiramol. Don haka ko maƙwabciya ta kawo, ko mai kemis ya ce zai sa yaro ya yi barci, kada a ba shi. Kafin aiki kuma, uwa ta faɗa wa likita gaskiya idan yaro yana mura ko tari, ko yana minshari, ko an ba shi jiƙo, ta kuma kiyaye lokacin da aka ce a tsayar da nono, wanda a yawancin asibitoci awa huɗu ne kafin a shiga. Tana da haƙƙin ta tambaya: Likita, za a kashe masa jijiya? Wa zai duba numfashinsa da dare? Bayan aiki, idan ta ga yaron yana wuyar tashi, ko ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko leɓensa da harshensa sun fara yin duhu, ko yana ta haɗiya jini na fitowa, ta kira nas nan take, ko da ƙarfe uku ne na dare, kada ta jira zagayen likita na safe.